Kwarmin da Ke Jikin Ƙofa

"Na faɗa miki, ina kuma sake faɗa miki, Graziella. Yaron nan ba zai ƙara taka min gida ba."

Carmine Zollo bai ko ɗago kai ba da yake maganar. Yana durƙushe gaban ganga yana gyara wutar gas, gumi na bin wuyansa, ƙafarsa da aka yi wa aikin gwiwa a miƙe gefe guda.

Graziella ta tsaya a kansa rungume da kwandon tumatir. Tun safe take haɗiye kuka.

"Papa, ko dalili ba za ka ba ni ba?"

"Kin san dalili."

"Fenti? A kan fenti za ka raba ni da mutumin da kai da bakinka ka ce ya yi maka?"

"Kai kwandon nan wurin goggonki. Rana na yi."

Ta juya ta tafi. Tsofaffin takalman aikinsa ne a ƙafarta, masu ƙarfe a baki, don duk ranar tumatir su take sawa saboda santsin ƙasa. Sun yi mata yawa, tana tafiya suna ƙwas ƙwas a kan siminti.

Ranar tumatir ce a gidan Zollo. A unguwarmu ta Campbelltown, idan zafin Fabrairu ya kai intaha, kowane gidan da kakanninsa suka fito daga Italiya yana da Asabar guda da ake tara dangi a dafa miyar shekara. Mata na yanka, maza na juya injin markaɗe, ana cusa ganyen ɗoɗɗoya a tsofaffin kwalabe, ana cika su ana jerawa a ganga su dahu. A ranar ake sasanta masu gaba, a ranar kuma ake ƙulla sabuwa. Saurayin da aka miƙa wa ludayi ranar tumatir, to ya shigo gida ke nan, saura ɗaurin aure kawai.

Bara an miƙa wa Rowan Trewin ludayi. Bana ko gayyatarsa ba a yi ba.

Duk wannan rigima kuwa tana kwance ne a ƙuryar gareji, lulluɓe da tamfol. Wata tsohuwar motar tsere ce ƙirar Alfa, ja, mai kujera biyu, buɗaɗɗen kai. Carmine ya saye ta tun yana saurayi yana aikin zuba kankare, ta hannu, a kuɗin da yau ko firiji mai kyau ba zai saya ba. Shekara da shekaru ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai. Zia Filomena, wato Goggo Filomena, ƙanwar Carmine wadda ta riƙe Graziella tun rasuwar mahaifiyarta, har buhun albasa takan ɗora a kanta, tana kiranta akwalar yayanta.

Sai duniya ta juya. Masu kuɗi suka farka da son tsofaffin motocin tsere, farashi ya kama hawa ba birki. Akwalar jiya ta zama ana lissafa ta da rabin gida. Baƙin fuskoki suka fara ƙwanƙwasa ƙofa suna tambayar ko ta sayarwa ce, Zia kuma ta daina ɗora albasa, ta koma goge tamfol ɗin da tsumma.

Daga nan kamfanin inshora ya kira. Suka ce darajar da aka amince a kanta tun da daɗewa ta zama labari, in yau gobara ta tashi a garejin nan abin da za su biya ko injin motar ba zai saya ba. Sai an turo mai ƙiyasi ya duba ta ciki da bai, a tsayar da sabuwar daraja.

To, akwai wani ɗan kwarmi a jikin ƙofar fasinja, ƙasa da mariƙi, faɗinsa kamar tafin hannu. Tun Graziella ba ta san kanta ba take ganinsa. Tana ƙarama ta taɓa tambaya, mahaifinta ya ce, "Bar shi, haka yake." Kullum da safe yakan shiga garejin da kofin gahawarsa, ya ɗaga tamfol ta wannan gefen, ya shafa ƙofar, ya sake rufewa. Ita duk a zatonta ƙura yake dubawa.

Rowan kuwa sana'arsa ke nan, bugun jikin mota da fenti, kuma hannunsa na da kyau. Da aka kwantar da Carmine a asibiti don aikin gwiwa, sai dabara ta faɗo wa masoyan nan biyu. Me zai hana a gyara ƙofar kafin mai ƙiyasi ya zo? Tsoho ya dawo ya tarar da motarsa sumul, daraja ta ƙaru, shi kuma Rowan ya samu bakin neman aure a Ista. Graziella ce da hannunta ta ciro makullin daga gwangwanin sukari ta ba shi.

Ya ba aikin ransa. Ya buge kwarmin daga ciki a hankali, ya haɗa jan fenti har sai da ya dace da na shekara hamsin, yadda ko da fitila ba za ka gane inda sabo ya tsaya tsoho ya tashi ba. Ranar da Carmine ya dawo, suka riƙo shi har gareji suna murmushi, Rowan ya yaye tamfol.

Tsohon ya kai hannu ya shafa ƙofar. Ya sake shafawa. Ya daɗe a haka, hannunsa na kai da kawo kamar mai laluben abin da ya faɗi a duhu. Sannan ya ce, murya can ƙasa, "Fita min daga gida."

An yi gyaran gangar Auzinawa, kuma har yau ba wanda ya san takamaiman abin da aka ɓata.

Amma akwai wanda ya ce ya sani. Fabrizio ne, ɗan aminin Carmine, dillalin tsofaffin motoci a wurin gwanjo, wanda ya daɗe yana zagaya Graziella tana yi masa kunnen uwar shegu. Yau ya zo ranar tumatir da farar riga da takalmi mai sheƙi. Mutumin da ya zo dafa miya da farar riga ai ka san ba aiki ya kawo shi ba.

"Zia, abin da mutane ba su gane ba ke nan," yake cewa, yana tsaye nesa da injin markaɗe kada ya fallatso masa. "A kasuwar yau fentin asali shi ne kuɗin. Mai saye ya fi son tsohon tabo da sabon fenti. Ai mota sau ɗaya take zama ta asali. Yaron nan da ya tambaye ni, da na hana shi. Yanzu ga shi garin neman gira ya jawo muku asarar ido."

"Kin ji ko?" Zia Filomena ta juyo kan Graziella da wuƙa a hannu. "Kin ji abin da ɗan gida yake faɗa?"

"Na ji, Zia."

"Ba ki ji ba. Da kin ji da ba ki tsaya kina kumbura fuska kamar an aiko miki da mutuwa ba. Ni na goya ki, ni na yi miki kitson makaranta, ba zan cuce ki ba. Wancan yaro ne mai hankali, ban ce ba, amma ba namu ba ne. Bai san abin da ake taɓawa da wanda ake bari ba. Yau ƙofar mota ce, gobe fa? Ga Fabrizio, mun san uwarsa, mun san kakarsa, ƙauyenmu ɗaya a can gida."

"Zia, ƙauyen da ko sau ɗaya ban taɓa gani ba?"

"Ji bakinta! Haka uwarki take, Allah ya jiƙanta, ba a faɗa ta yi shiru."

Fabrizio ya matso yana murmushi, ya rage murya. "Ella, ni ba gaggawa nake ba. Ki dai sani duk ranar da kika waiwayo, ina nan."

"To ka matsa, kana kan tiyo," ta ce.

Wayarta ta yi motsi a aljihu. Ta duba, gabanta ya faɗi. Ta ajiye wuƙar ta ce za ta ɗebo ɗoɗɗoya, ta bi ta tsakanin kunyoyin lambu har ƙarshen gida, inda katangar kwano ta raba su da lungun baya.

Rowan yana tsaye a can, jingine da akori-kurarsa. Kallo ɗaya ta yi wa bayan motar ta ga akwatin kayan aikinsa da katifa a naɗe da jakunkuna biyu. Ta riƙe katangar da hannu biyu, duk zafin da kwanon ya ɗauka ba ta ji ba.

"Rowan, mene ne wannan?"

"Na samu aiki a garin Whyalla, can arewa. Litinin zan fara."

"Whyalla?" Hawayen da ta yini tana tarewa suka ɓalle. "Shi ne ba ka faɗa min ba sai da ka ɗaure kaya?"

"Da na faɗa miki da wuri, da kin hana ni. Ni kuma na san ba zan iya yi miki musu ba."

"To na hana ka yanzu."

Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya ɗora hannunsa a kan nata, hannun nan mai kaushi da ragowar fenti a gefen farce, wanda take so fiye da yadda za ta iya faɗa.

"Ella, sau uku ina zuwa ba shi haƙuri. Na ce zan biya duk abin da darajar ta ragu, ko shekara nawa zai ɗauke ni. Kin san me ya yi? Kallona kawai ya yi, irin kallon da ake yi wa wanda ya yi kisa bai sani ba. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi."

"Laifina ne. Ni na ba ka makulli."

"Ni na riƙe guduma. Sana'ata ce, ya kamata in tambayi mai mota kafin in taɓa. Na so in burge shi ne, shi ke nan."

"To mu tafi tare. Yanzu. In tsallako katangar nan, shi ke nan."

"A'a." Ya girgiza kai. "Ke kaɗai gare shi. In na ɗauke ki a haka, duk ranar da kika tuna shi zaune shi kaɗai a garejin nan, ni za ki kalla. Ba zan iya zama mutumin da ya raba ki da mahaifinki ba. Gara in rasa ki kina ganin mutuncina."

"Mutuncin me? Ni mutunci na ce maka ina so? Kai nake so, Rowan. Kai!"

"Na sani." Ya share mata hawaye da babban yatsa, nasa na zuba bai damu da su ba. "Ni ma ban san yadda zan yi da safiyar gobe ba. Amma ki yi haƙuri."

"Matsoraci," ta ce cikin kuka. "Matsoraci kawai."

Bai musa ba. Ya sumbaci bayan hannunta mai warin tumatir, ya shiga mota. Tana tsaye har ya sha kwanar lungun, ƙurar da ya tayar ta kwanta.

Ta daɗe a wurin. Da ta dawo, ba ɗoɗɗoya a hannunta, ba kuma wanda ya tambaya, don mai ƙiyasi ta iso.

Misis Lindner ce, wata dattijuwa siririya mai furfura da tabarau a rataye a wuya. An janye tamfol, an turo motar bakin gareji inda haske yake. Jan nan ya ɗauki rana yana ƙyalli, dangi suka bar aiki suka kewaye ta da hannuwa jajaye. Matar ba ta da surutu. Ta duba lambar inji ta gwada da ta jikin mota ta gyaɗa kai, ta leƙa ƙarƙashi da tocila, ta ɗauki hotuna, ta shinshina kujerun fata. Sannan ta ciro wani ɗan abin awo kamar ƙaramar waya, mai faɗin kaurin fenti, ta bi jikin motar tana dangwalawa.

Da ta zo ƙofar fasinja ta tsaya. Ta sake dangwalawa.

"An yi wa ƙofar nan fenti kwanan nan."

"Na faɗa!" in ji Fabrizio.

"Aiki ne mai kyau ƙwarai, da ido ban gani ba," ta ce. "Amma dole in rubuta. Zai ɗan taɓa darajar, Mista Zollo, ba zan ɓoye maka ba."

Carmine yana zaune a kan akwatin kwalabe, sandarsa tsakanin ƙafafu. Ko gezau bai yi ba.

Fabrizio ya gyara tsayuwa, ya kira shi da Zio, wato baffa. "Zio Carmine, kada ka damu. Ina da mutum a Sydney da zai rufe ido a kan ƙofar nan in ni na yi masa magana. Abin da wani ya ɓata, mu na gida sai mu gyara. Ai abin duk ya kusa zama ɗaya."

"Ka ji ɗan albarka," in ji Zia, tana satar kallon Graziella. "Wancan kuwa na ji an ce ya tattara ya yi arewa. Allah ya raka taki gona."

Wani abu ya taso wa Graziella tun daga tafin ƙafa. Ta ture mutane ta shigo tsakiya, idanunta jajur.

"Ya tafi, Papa. Ka ji? Ya tafi, hankalinka ya kwanta. Na tashi ba uwa, ban taɓa yi maka ƙorafi ba. Abu ɗaya na taɓa roƙonka a duniya, ka auna shi da farashin ƙofar mota, ƙofar ta fi ni nauyi!"

"Graziella!" Zia ta daka mata tsawa.

"Daraja kuke so? To ga daraja!"

Kafin wani ya ankara ta ja da baya ta ɗaga ƙafa. Takalmin nan mai bakin ƙarfe ya sauka a tsakiyar ƙofar, ji kake ƙwam!

Gidan ya yi tsit, sai ƙarar tafasar ganga. Zia ta ɗora hannu a ka. Fabrizio ya buɗe baki ya kasa rufewa. Misis Lindner ta sa tabaraunta a hankali ta sunkuya tana kallon sabon kwarmin da ya fito ƙasa da mariƙi, fenti ya tsage a gefensa.

Graziella kanta ta toshe baki da hannu, sai yanzu ta ga abin da ta aikata.

Carmine ya dogara sanda ya miƙe. Ya tako a hankali yana ɗingishi, mutane na darewa. Da ya iso ya jingina sandar, ya durƙusa da gwiwarsa mai lafiya, ya kai tafin hannu ya sa a cikin kwarmin. Kafaɗunsa suka fara girgiza.

"Papa, ka yafe ni," ta ce. "Papa, don Allah..."

Ya ɗago. Dariya yake yi, hawaye na gangara cikin gemunsa.

"Uwarki ta fi ki ƙarfin ƙafa," ya ce. "Ita da takalmin coci ta yi nata, mai tsini."

Ba wanda ya gane sai Zia Filomena, wadda ta zauna daɓas a kan kujera ta ce, "Wayyo Assunta! Ashe ita ce?"

"Ita ce." Ya kama hannun 'yarsa ya jawo ta ƙasa kusa da shi. "Zauna, 'yata. Tun tuni ya kamata in faɗa miki, bakina ne ya kasa. Kakanki bai so ni ba. Ya ce ba zai ba mai zuba kankare 'yarsa ba, yana da wani mai kanti da ya yi mata. Sau biyu ina zuwa yana kora ta. Ran nan bayan coci na tsayar da motar nan a bakin titi, na ce mata na haƙura, zan tafi Darwin aiki, ba zan raba ta da iyayenta ba. Ina ta zuba kalamai masu kyau, ni a dole mai mutunci."

Graziella ta ɗago ido da sauri.

"Kin san me ta ce? Ta ce, 'Matsoraci.' Ta ɗaga ƙafa ta narka wa ƙofar nan shuri. Ta ce in ban koma wurin babanta yau ba, sai ta bi motar gaba da baya ta mayar da ita gwangwani. Na koma. A bakin ƙofarsu na yini har ya gaji ya ce in shigo."

Ya share fuska da gefen rigarsa.

"Da ta rasu, kayanta goggonki ta raba, ƙamshinta ya bar ɗaki, muryarta ma tun ina ji a kunnena har na daina. Wannan kaɗai ya rage min da ta yi da kanta. Kullum da safe in na sa hannu a ciki, na gaishe ta ke nan. Na dawo daga asibiti na kai hannu, na ji wayam. Ranar ji na yi kamar an sake binne ta."

"Papa, me ya sa ba ka faɗa ba?" Ta faɗa jikinsa tana kuka. "Da mun sani, da ko kusa..."

"Na sani. Shi ya sa abin ya fi ci na. Yaron bai yi don mugunta ba, amma in na kalle shi hannunsa nake gani, sai zuciyata ta rufe. Na bar ku kuna cewa kuɗi ne, don ya fi sauƙin faɗa." Ya shafa kanta. "Ina nan ina makokin ƙofa, ashe Assunta na gabana tana yawo da takalmana, ni kuma na zama kakanki ban sani ba."

Zia na sharar hawaye da gefen rigar girkinta. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," ta ce. "Ni dai na shiga uku da ku."

Fabrizio ya yi gyaran murya. "Zio, har yanzu ana iya gyarawa. Na san wani a..."

"Duk wanda ya kusanci ƙofar nan da guduma, da sandar nan zan karya masa hannu." Carmine ya juya wurin mai ƙiyasi. "Misis Lindner, rubuta ta yadda kika gan ta. Fenti sabo, kwarmi sabo. Abin da ya ragu ya ragu."

"Zan rubuta," ta ce, bakinta na son yin murmushi.

Ya dafa kafaɗar Graziella ya miƙe. "Yaushe ya tashi?"

"Ya ɗan jima."

"Kira shi."

Ta kira. Wayar a kashe. Ta sake kira, haka.

"Ba shakka," in ji Carmine. "Ni ma da akwai waya a zamaninmu kashewa zan yi. Duk wanda ya kama hanyar arewa sai ya tsaya shan mai a garin Port Wakefield, kuma wannan akwalar tasa ba ta gudu. Filomena, miƙo min gwangwanin sukari."

"Carmine! Da wannan gwiwar? Ga motata nan a waje, ku ɗauka mana!"

"A cikin wannan aka ce min matsoraci, a cikinta za a je a faɗa masa."

Misis Lindner ta ɗaga hannu. "Mista Zollo, aikina ne in gaya maka. Sabuwar darajar ba za ta fara aiki ba sai na miƙa rahoto an amince, cikin mako mai zuwa. In wani abu ya samu motar nan a hanya yau, tsohon kuɗin nan za a biya ka, ba ƙari."

"Na gode, Misis. In ya tsallake Port Wakefield fa, wane kamfani ne zai biya ni?"

Matar ta cire tabaraunta, ta matsa gefe ta ba da hanya.

Injin ya yi tari sau biyu, a na uku ya kama da wata irin ƙara da ta sa karnukan maƙwabta haushi. Dangi suka shiga janye kwanduna da tiyo daga hanya. Fabrizio ya yi tsalle baya, ya faɗa wa bokitin markaɗe, farar rigar nan ta samu rabonta na ranar tumatir.

Graziella ta buɗe ƙofar fasinja. Kafin ta shiga ta tsaya, ta sa tafin hannunta a cikin kwarmin, ƙarfen da ɗumi. Ta zauna da rigar girki da takalman aiki, tsoro da murna sun cakuɗe mata. Sai wani tunani ya zo mata.

"Papa, kujera biyu ce fa. In mun same shi, yaya za mu dawo?"

Carmine ya sa giya, ya cije leɓe don zafin gwiwa. Tun ranar da ya sayi motar nan ba wanda ya taɓa zama a bayan sitiyarinta sai shi, ko Assunta ba ta taɓa ba.

"In mun same shi, ni zan tuƙo akwalarsa," ya ce. "Ku biyu ku dawo da wannan. Ki kuma gaya masa ya yi sauri, akwai kwalabe a ganga, ludayinsa na jiransa."

Ya saki kuloci, jar motar ta fita daga ƙofar gida ta ɗauki hanyar arewa.